Alƙawarin ɗan takara ya isa a zaɓe shi?

Malam, ka tambaya ko alƙawuran kamfen sun isa a ba ɗan takara ƙuri'a. A'a, ba su isa ba. Fara duba abin da ya yi a kujerar da ya taɓa riƙewa, sannan ka tambayi inda kuɗin aikin za su fito.

Na daɗe ina bin zaɓuka, kuma na lura ko mai gaskiya ba shi kaɗai ke da ta cewa ba, akwai majalisa. A 1988 George Bush babba, yana takarar shugaban ƙasa, ya tsaya gaban taron jam'iyyarsa a Amurka ya ce ba zai ƙara haraji ba. Majalisa kuwa tana hannun 'yan adawa. A 1990, bayan ya zama shugaban ƙasa, ya sa hannu kan ƙarin harajin, a 1992 Bill Clinton ya kayar da shi.