Tambaya da Amsa: Sandar Daidaito da Abin Bara ga Mai Sabon Bakan Farauta

TAMBAYA: Assalamu alaikum, Malam. Kwanan nan na mallaki bakan farauta na farko, irin na zamani mai gargare a sama da ƙasa, ƙarfin jansa laba 55, kuma da hannun dama nake jan tsirkiya. Ya zo da wata guntuwar sandar roba mai tsawon inci 4 da ake ɗaurawa a gabansa, amma duk lokacin da na ja na auna sai in ga tsinken saiti, wato ɗan tsinken da ake auna wurin harbi da shi, yana ta yawo, ya ƙi tsayawa wuri ɗaya. Wani abokina ya ce in sayi doguwar sandar daidaito irin ta masu gasa, wani kuma ya ce asarar kuɗi ce kawai. Haka nan na rasa abin baran da ya dace in riƙa gwaji a kansa, tsakanin na buhu, da dunƙulen soso, da wanda aka yi da siffar dabba. Ina neman shawararka kafin lokacin farauta ya zo. Daga wani mai karatu.

AMSA: Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Idan aljihunka ba zai ɗauki duka biyun a lokaci ɗaya ba, fara da abin bara mai kyau, ka jinkirta sayen sanda har sai ka yi makonni kana harbi, domin wanda bai saba da bakansa ba ba zai iya gane abin da sandar ta gyara masa da abin da ta ɓata ba. Duk da haka zan fara da bayanin sandar, tunda ita ce ta fi damunka.

Sandar da ake ɗaurawa a gaban baka tana yin ayyuka biyu waɗanda mutane sukan haɗa su wuri ɗaya alhali sun bambanta. Na farko shi ne shanye jijjiga da rage ƙarar da baka ke yi bayan kibiya ta tashi, kuma wannan aikin roba ne. Na biyu shi ne hana bakan saurin juyawa a hannunka yayin da kake auna, kuma wannan aikin tsawo ne da nauyin da ke can ƙarshen sandar. Guntuwar robar da ta zo da bakanka ta iya aiki na farko, kuma yana da amfani ga mafarauci, saboda dabba takan zabura da jin ƙarar tsirkiya tun kafin kibiya ta isa gare ta. Amma a aiki na biyu kusan ba ta taɓuka komai, shi ya sa kake ganin tsinken yana yawo kamar babu ita.

Dalilin yana cikin lissafi mai sauƙi. Turjiyar da nauyi ke yi wa juyawa tana ƙaruwa ne da nisansa daga hannu sau nisan kansa, wato idan ka ninka nisa sau biyu, turjiyar za ta ninku sau huɗu. Oza 4 a nisan inci 10 tana yin aikin da sai ka ɗora oza 16, laba guda cur, kafin ka samu irinsa a nisan inci 5. Duk wanda ya taɓa saɓa doguwar gora a kafaɗa ya yi ƙoƙarin juyawa da sauri ya san wannan a jikinsa. Saboda haka sanda mai kyau ita ce wadda jikinta ba shi da nauyi kuma ba ya lanƙwasa, shi ya sa ake yin mafi yawansu da kabon, sa'annan nauyin ya taru a ƙarshe cikin faifai ƙanana da za ka iya ƙarawa ko ragewa ɗaya bayan ɗaya. Wannan damar ta ƙari da ragi ta fi sunan kamfanin da ya ƙera sandar muhimmanci a gare ka. Batun ko za ta shiga bakanka kuwa bai kai abin damuwa ba, domin kusan duk bakunan zamani ramin da ake murɗa sandar a ciki awo ɗaya ne, wanda ake rubutawa 5/16-24.

Abokinka na farko yana da gaskiya a wuri ɗaya: sandar masu gasa, wadda takan kai inci 30, ta fi kowace tsayar da saiti. Sai dai mai gasa yana tsaye ne a fili shimfiɗaɗɗe, babu reshe a gabansa, babu ciyawa, ba kuma zai yi rarrafe da bakan ba. Mafarauci kuwa yana kutsawa cikin sarƙaƙiya, ko yana zaune a ɓuya mai ƙunci, ko a kan bishiya, inda doguwar sanda za ta maƙale ko ta bugi wani abu ta tona masa asiri. Sandunan farauta galibi suna tsakanin inci 6 zuwa 12. Ga mai farawa ina ganin inci 8 zuwa 10 ya wadatar, da nauyin oza 2 zuwa 4 a ƙarshenta. Wanda zai riƙa harbi a buɗaɗɗen daji mai iska, inda nisa ke da yawa, yana iya kaiwa inci 12, wanda kuma harbinsa ba zai wuce yadi 20 ba a cikin kurmi, inci 6 ma ba laifi.

Akwai kuma sandar baya, wadda ake ɗaurawa a gefe ta karkata baya da ƙasa. Tunda kai na dama ne, na'urar saiti da kwari duk a gefen dama na bakan suke, kuma idan kwarin ya cika da kibau zai riƙa rinjayar bakan zuwa can, har ka riƙa murɗa wuyan hannu kana gyarawa ba tare da ka sani ba. Wannan murɗawar tana jefa kibiya hagu ko dama, kuma tana ƙara muni idan nisa ya ƙaru. Sandar baya a gefen hagu ita ce maganin wannan, amma kada ka saye ta sai ka tabbatar kana da cutar. Hanyar tabbatarwa ita ce ka ɗora duk kayan da za ka fita farauta da su, har da kwari cike da kibau, ka tsaya kusa da abin bara, ka ɗana kibiya, ka ja, ka rufe ido na ɗan lokaci hannunka a sake, sa'annan ka buɗe ka dubi kumfar lebur ɗin da ke jikin na'urar saiti. Idan kumfar tana tsakiya a mafi yawan lokuta, ba ka buƙatar sandar baya. Kada ka yi wannan gwajin ba tare da kibiya a tsirkiya ba, domin idan tsirkiya ta kuɓuce babu kibiya, ƙarfin duka zai koma kan bakan, yana iya fasa reshensa ya ji maka ciwo.

Yadda tsinken saiti ke motsi shi zai gaya maka abin da za ka yi da nauyin. Idan yana rawa da sauri, 'yar gajeriyar karkarwa, ƙara oza ɗaya a gaba ka yi harbi na kwanaki kafin ka sake taɓawa. Idan yana nutsewa ƙasa da wurin da kake so har ka riƙa kokawar ɗago shi, nauyin gaba ya yi yawa, sai a rage. Idan kuwa yana lilo a hankali, yana zagaye mai faɗi, to yawanci matsalar ba ta sanda ba ce: ko dai tsawon jan bakan ya yi wa hannunka yawa, ko laba 55 ta yi wa kafaɗarka yawa a yanzu. Mafi yawan bakuna ana iya sassauta su da kusan laba 10, kuma babu abin kunya a yin hakan na wata ɗaya ko biyu. Ka kuma tuna cewa bakan shi kaɗai yana kai wajen laba 4, kusan kilo 2, kafin a ɗora masa komai, kuma duk ozar da ka ƙara kai ne za ka ɗauke ta yini guda. Tsinken saiti ba ya tsayawa cik ko a hannun gwanaye. Abin da ake nema shi ne ya riƙa yawo a hankali cikin ƙaramin wuri, kai kuma ka saki kibiya a natse ba tare da farautar lokacin da zai ratsa tsakiya ba.

Batun abin bara ya rataya ne a kan irin kan kibiyar da za ka harba. Akwai kan gwaji, mai tsini marar kaifi, akwai kuma kan farauta mai reza a gefe. Buhu, wanda ake cusa wa zare ko tsummokin roba, shi ne ya fi dacewa da kan gwaji: yana tsayar da kibiya da kyau, ana zare ta da yatsu biyu, yana da faɗin da ke yafe wa mai koyo kuskure, kuma yana jure dubban harbi. Amma ba a harba masa kai mai reza, domin rezar za ta yanka buhun, ta harɗe a cikin zaren, ba za ta fito ba sai an kwance kan ko an farke buhun. Yana kuma da nauyi, kuma idan ruwan sama ya jiƙa shi yakan ƙara nauyi ya ruɓe da wuri.

Dunƙulen soso iri biyu ne. Akwai wanda aka jera shi falle-falle aka matse, kamar mai suna Block, wanda ke kama kibiya da gogayya tsakanin fallayen, akwai kuma na soso guda mai haɗe bakin raminsa bayan an zare kibiya, kamar na Rinehart. Dukansu suna ɗaukar kai mai reza, ko da yake rezar tana cin su sannu a hankali. Idan abu ɗaya kaɗai za ka iya saya, dunƙulen soso za ka saya, saboda dole ne ka gwada kan farautarka kafin ka fita. Reza a gaban kibiya tana kama iska kamar fiffike, kuma idan saitin bakan yana da 'yar karkata wadda kan gwaji ke ɓoyewa, kai mai reza zai fallasa ta, ka ga kibiyar ta sauka taƙi guda nesa da inda ka auna. Gara ka gano wannan a jikin soso da ka gano shi a jikin dabbar da za ta gudu da rauni ta mutu a wahale inda ba za ka same ta ba. Ka tabbatar nauyin kan gwaji da na farauta ɗaya ne, misali giren 100 kowanne, wato kimanin giram 6.5. Kada ka harba kibau biyu masu reza a ɗigo ɗaya, don ta biyu za ta yanke fikafikan ta farko, kuma rezar da ta shiga soso ta dakushe, sai an wasa ta ko an canza ta kafin farauta.

Duba kuma gudun da aka rubuta a jikin abin baran cewa zai iya tsayarwa. Lambar gudun da kamfanoni ke tallata baka da ita, wadda takan haura ƙafa 300 a daƙiƙa, ana auna ta ne da ƙarfin laba 70, da jan inci 30, da kibiya mai giren 350, don haka naka zai yi ƙasa da haka sosai, kuma duk abin baran da aka yi domin bakan zamani zai riƙe shi. Damin ciyawa ko tsohuwar katifa kuwa kibiyar za ta ratsa su ta wuce. Ko da abin bara mai kyau, a sami tudun ƙasa ko wani shinge mai kauri a bayansa, kuma kada a taɓa kafa shi ta fuskar gida, ko hanya, ko inda mutane da dabbobi ke gilmawa.

Siffar dabba ita ce ta ƙarshe a saye, amma tana koyar da abin da sauran ba za su koyar ba. Dabba ba ta da ɗigo a jikinta, sai maharbi ya zaɓi wuri da kansa, a bayan ƙafar gaba inda huhu da zuciya suke, ya kuma yi tunanin ta inda kibiya za ta fita idan dabbar ta ba shi gefe ko ta ɗan juya masa baya. Zaɓi wadda ake iya canza tsakiyarta idan ta cinye. Kafin ka kai ga sayenta, yanki farar takarda mai faɗin inci 8, kwatankwacin wannan wurin a jikin matsakaiciyar barewa, ka manna a soso. Fara daga yadi 10, ka koma 20, sa'annan 30. Nisan da kibiyarka ta farko, da kai mai reza, jikinka bai ɗumama ba, take shiga takardar a kowace rana, shi ne iyakar nisan da ya halatta ka harbi dabba a bana. Ka yi gwajin a tsaye, da durƙuso, da zaune, sanye da kayan da za ka fita da su, kuma ka bincika dokar ƙasarka tukuna, domin akwai ƙasashe irin su Birtaniya da suka haramta farauta da baka gaba ɗaya.

TAMBAYA: Malam, kibau na kabon suna maƙalewa a sabon sosona har sai na taka shi da ƙafa kafin su fito. Ko akwai dabara? Daga wata mai karatu.

AMSA: Akwai, 'yar'uwa. Zafin gogayya ne ke ɗan narkar da soson ya manne a jikin kibiya, kuma abin yana raguwa idan soson ya sha harbi. Shafa sabulu busasshe ko man da aka yi domin haka a inci kaɗan na gaban kibiyar, ki sami robar riƙo, ki dafa soson da hannu ɗaya, ki kama kibiyar dab da inda ta shiga, ki ja ta miƙe ba tare da girgiza ta gefe ba, bayan kin tabbatar babu kowa a bayanki. Ki duba ko kan gwajin ya fi jikin kibiyar siranta, don wanda ya ɗan fi ta kauri yana buɗa mata hanya. Duk kibiyar da ta sha irin wannan wahala ko ta bugi 'yar'uwarta, ki ɗan lanƙwasa ta kusa da kunne kina juya ta, kuma idan kin ji ƙas ko kin ga tsaga, ki jefar da ita, domin tsagaggiyar kibiyar kabon tana iya karyewa lokacin saki ta shiga hannun da ke riƙe da baka.