Tambayoyinku: Baba ya shiga caca tun da aka ƙara mishi magani

Tambaya: Assalamu alaikum likita, daga Tahoua nake rubuto maka. Babanmu na da ciwon karkarwa, lokotoro ya ce Parkinson ne, bara a Yamai aka ƙara mishi wani magani wai pramipexole, karkarwar ta yi sauƙi alhamdulillahi amma wallahi mutumin da ko karta bai taɓa riƙewa ba yanzu kullum yana bakin kiyos ɗin tiyarse, cacar dawaki, kuɗin fansho ba su kai sati, har ragon layya ya saida. Gwaggo ta ce sammu ne. Maganin zai iya sa haka?

Amsa: Wa alaikumussalam ɗiyata, Allah ya ba Baba lafiya. Eh, zai iya ƙwarai, kuma likitoci sun daɗe da sanin abin.

Parkinson na zuwa ne idan sinadarin dofamin ya ragu a ƙwaƙwalwa, to su pramipexole da ropinirole aikinsu su kwaikwayi dofamin ɗin don jiki ya saki, matsalar ita ce wannan sinadarin dai shi ke sa mutum jin daɗin samu da kwaɗayin ƙarawa, sai birki ya kwance wa wasu. A wani bincike da aka fitar a 2010 kan marasa lafiya sama da 3,000 a Amurka da Kanada, kusan 17 cikin 100 na masu shan irin wannan magani sun faɗa caca ko sayayya ba kai ko ci ba ƙoshi ko yawan sha'awa, waɗanda ba su sha kuwa kusan 7 ne. A Faransa ma 2012 kotu ta sa kamfanin da ke yin Requip, wato ropinirole, ya biya wani mutum diyya kan irin haka. Gwaggo ta yi haƙuri, addu'a kam a ci gaba, amma a kai shi asibiti.

Sai dai don Allah kar ku ɓoye maganin ko ku tsaida mishi rana ɗaya, yankewa farat ɗaya na kawo fargaba, zufa, rashin barci da baƙin ciki mai tsanani, jiki kuma ya sandare. Ku koma wajen likitan ƙwaƙwalwa da ya rubuta ordonas ɗin, shi zai rage a hankali ko ya jingina kan levodopa wanda bai cika jawo wannan ba, kuma yawanci in an rage cacar na lafawa.

Wani ya raka shi, don Baba ba zai faɗa da bakinsa ba, kunya ba za ta bari ba. Kafin ranar, Inna ko babban wanku ya riƙe kuɗin fansho, a dinga ba shi na kashewa kaɗan kaɗan, a duba wayarsa ma saboda cacar ƙwallo. Zancen sha'awa kuwa ba naki ba ne, ki bar Inna ta gaya wa likita in ta ga canji.