Tambaya da Amsa: Ruwa a Cikin Silinda Bayan An Sauke Injin Jirgi

Tambaya: Assalamu alaikum. Jirgina na ruwa yana da injin fetur mai silinda takwas, irin wanda ake girkewa a cikin jirgi. Kwanan nan aka sauke shi, aka sa sabon ringi da sabon top gasket, aka wasa bawul. Yana aiki lafiya, amma idan ya kwana sai sitata ta kasa juya shi. Da na kwance fulogi, sai ruwa ya yi tsartuwa daga silinda biyu na tsakiya a ɓangaren dama. Makanikena ya ce a sake buɗe top, wato murfin da ke rufe saman silinda. In yarda?

Amsa: Wa alaikumus salam. Malam, a dakata da buɗe top tukuna. Kafin komai, ka daina matsa wa sitata. Ruwa ba ya matsuwa kamar iska, idan fiston ya taso ya tarar da shi, konrod, wato sandar ƙarfen da ke riƙe da fiston, shi ne ke lanƙwashewa. Ka kwance fulogi duka takwas, ka cire wayar koyil, ka tsayar da mai, ka juya injin har ruwan ya fita, sannan ka zuba ɗan baƙin mai kamar cokali guda a kowace silinda ka sake juyawa. A yi wannan a ranar, musamman in ruwan gishiri ne, domin tsatsa ba ta jira. Ka duba baƙin mai: in ya koma kalar madara, a canza shi da filta, a bar injin ya yi zafi, a sake canzawa har ya washe.

Zarginmu ya fi karkata ga salansa. Manifol ɗin hayaƙi na jirgi, wato bututun da ke tara hayaƙin silinda, ba irin na mota ba ne: bango biyu gare shi, ruwa na zagayawa a tsakaninsu yana sanyaya shi. A samansa akwai gwiwa, wadda makanikai ke kira raiza, kuma gasket siriri ne kawai ya raba hanyar ruwa da ta hayaƙi a mahaɗarsu. Idan an kashe inji, ruwan da ya rage a gwiwar yakan riƙa tsiyaya ta wannan gasket, ya gangara cikin manifol, ya shiga duk silindar da bawul ɗinta na hayaƙi ya tsaya a buɗe. In gwiwar a tsakiyar manifol take zaune, silindar tsakiya ce za ta fara sha. Wannan ya yi daidai da abin da ka gani, har da batun kwana. Sau da yawa ana kashe kuɗi a gyara cikin inji, sai a mayar da tsohon manifol da tsatsa ta riga ta cinye fuskarsa, alhali a ruwan gishiri daga shekara 3 zuwa 5 ya kamata a fara tuhumarsa.

Ka zubar da ruwan ɓangaren dama kafin ka ɗaga gwiwar, in ba haka ba kai da kanka za ka zuba shi cikin silinda. Ka haska tocila a hanyar hayaƙi. Baƙin hayaƙi busasshe alamar lafiya ce. Jan layin tsatsa da ya gangaro daga mahaɗa, ko wuri da ya wanku tas, shi ne sawun ruwan. Ka aza ƙarfe miƙaƙƙe a kan fuskar manifol da ta gwiwa ka ga ko sun lotsa. In kana zargin tsagewa, ka toshe ƙofofin ruwa na manifol, ka cika hanyar ruwansa da asiton, wani sinadari mai saurin kama wuta wanda ke ratsa tsagar da ruwa ke jinkirin bi, ka duba ko hanyar hayaƙi za ta jiƙe. A yi shi a sarari, nesa da wuta. Manifol da ya tsage ko ya zaizaye canza shi ake yi, gam ba ya riƙe shi.

Duk da haka maganar makanikenka ba a yar da ita ba, domin top gasket ma yana iya jiƙa silinda biyu maƙwabta. Gwaji ne zai raba gardama. A auna matsin kowace silinda. Bambanci kada ya wuce kashi 10 zuwa 15 cikin 100. In waɗannan biyun sun faɗi tare, a kawo fiston sama, bawul a rufe, a hura iska ta ramin fulogi, a ga ko za ta fito ta maƙwabciyarta ko ta hanyar ruwa. Sannan a toshe tiyon da ke zuwa manifol, a ba ruwan injin matsi na psi 15, a jira minti 15. In allurar ma'aunin matsi ta sauka, yoyon a jikin injin yake, to a nan ne za a buɗe top. Idan an buɗe, a auna fuskarsa: lanƙwasar da ta wuce milimita 0.08 a tsawon santimita 15 sai an kai an goge. A tabbatar gasket ɗin na injin ruwa ne, don na mota yana tsatsa, kuma a ɗaure kusoshi daga tsakiya zuwa gefe da sifana mai awo, gwargwadon lambar da ke littafin injin.

Tambaya: Ni kuma nawa, ɓangarorin biyu ne ke jiƙewa, tun da aka sa masa sabon kamshaf (sandar da ke buɗe bawul) mai ƙara gudu.

Amsa: Ɗan'uwa, naka ruwan ta baya yake dawowa. Irin wannan kamshaf yana barin bawul na shiga da na fita a buɗe tare na tsawon lokaci, sai inji ya riƙa zuƙo ruwan salansa idan yana silo. Maganinsa a koma kamshaf na injin ruwa, ko a ƙara wa gwiwa tsawo. A kuma duba marfin robar da ke cikin bututun hayaƙi, mai hana igiyar ruwa komowa, domin yakan ƙone idan inji ya taɓa yin zafi fiye da kima. A auna tsayin gwiwa daga saman ruwa lokacin da jirgi ke ɗauke da cikakken kaya, a gwada da abin da littafin ya ƙayyade.