Alhaji, ajiye maganar kyamara, mu yi maganar ɗan yayarka

Tambaya:

Assalamu alaikum Malam. Ina da shagon sari na shinkafa da man girki da sukari a Alabar, nan Kumasi ta ƙasar Ghana, shekara goma sha ɗaya ke nan. Yaran shagona shida. Shekara biyu da suka wuce na ɗauko ɗan yayata da ya gama difloma na ɗora shi a kansu, saboda yanzu rabin wata ina hanyar Tema, garin tashar jirgin ruwa, wajen ɗauko kaya. Tun daga lokacin yara huɗu sun gudu na sake wasu, kuma kaya na ɓacewa. Watan jiya buhu tara ba a san inda suka yi ba. Babban yarona, ɗan Tamale da ya shekara takwas tare da ni, ya daina magana. Ɗan yayata ya ce shi ke zuga sauran, har na yi masa wankin babban bargo a gaban masu saye. An ce in sa kyamara, sidi 7,000. Ina kuma so in buɗe reshe a Techiman kafin azumi, nan da shekara uku in fara shigo da kwantena da kaina. Yaya zan yi da yaran zamani marasa amana?

Wani ɗan kasuwa daga Aboabo

Amsa:

Wa alaikumus salam, Alhaji. Allah ya ƙara buɗi.

Sau biyu na karanta wasiƙarka ina neman wurin da ka ce ka zaunar da babban yaron nan ka tambaye shi abin da ke faruwa. Ban gani ba. Na ga kyamara, na ga Techiman, na ga kwantena. Mutumin da ya yi shekara takwas yana buɗe maka shago kafin ka tashi daga lazimin asuba, ba ka ba shi ko minti goma ba, ka yanke masa hukunci da maganar mutum ɗaya.

Lissafin da kai da kanka ka kawo ya isa. Shekara tara kana tafiya da yaran zamanin nan ba ka rubuto wa kowa ba. A shekara biyun ƙarshe huɗu suka gudu, buhuna suka fara ƙafa. Ruwa ba ya tsami banza. Me ya sauya a shekara biyun? Abu ɗaya: ka ɗora wa mutane shugaban da kai ba ka iya korarsa.

Ban ce ɗan yayarka ɓarawo ba ne. Ban san shi ba, mai yiwuwa yaron kirki ne. Amma ka amsa mini tsakaninka da Allah: in gobe aka tabbatar buhunan nan tara a hannunsa suka salwanta, me za ka yi masa? Kafin magariba yayarka ta iso gida da mayafinta a kafaɗa. In Hajiya mahaifiyarku na da rai ta kira ka. A ce maka ka yi haƙuri, ɗa ne, ƙaddara ce. Ka haƙura. To yaranka sun riga ka sanin wannan tun makon farko. Sun san in buhu ya ɓace a hannunsu daga albashi za a cire, in a hannunsa ne za a ce Allah ya mayar da alheri. Shago ɗaya, shari'a biyu. A irin wannan wurin mai gaskiya tattara kayansa yake yi, mai ɗan halin ɓera kuwa ya ga bango ya tsage. Shi ya sa kake ganin gudu da sata a lokaci guda, kana tsammanin cuta biyu ce.

Na san zafin abin domin ni ma na taɓa sha. Lokacin da nake riƙe da shagon kayan masarufi na ɗora ƙanena uwa ɗaya uba ɗaya a kan yara uku. Duk yamma shi ke kawo mini rahoto, ni kuma in hau faɗa. Wata bakwai ina jin shagona ta bakinsa kaɗai. Ranar da mafi ƙwazo a cikinsu ya zo sallama, ya ce mini, “Maigida, sau biyu na faɗa maka ana ba da bashi ba a rubutawa, sau biyun kuma kafin in koma shago maganar ta riga ni isa.” Ni ne nake kai ta. Ina jin ƙorafi sai in kira ƙanena in ce wane ya ce kaza. Na zaci adalci nake yi, ashe bakin mutane nake ɗinkewa.

Saboda haka shirun ɗan Tamalen nan kada ka ɗauke shi makirci. Ina kyautata zaton ya taɓa magana, maganar ta dawo masa a kai. Yaron da ke gardama da kai har yanzu yana ganin shagon nasa ne. Wanda ya koma “to Alhaji, to Alhaji” ya riga ya fara tambayar kuɗin hayar rumfa a wani wuri.

Kafin ka ce in ya tafi ga hanya nan, ɗauki wayarka ka duba. Matan da ke sarin kayanka daga Bantama da Tafo da Asafo, lambar wa suke kira in suna son buhu ashirin? Wa ke yin ciniki da su da Tonanci, yaren Ashanti, har su yi dariya, su turo kuɗi ta MoMo, wato ta waya, ya loda wa mai aboboya, keken ɗaukar kaya mai ƙafa uku, ya kai musu? Wa ya san wadda ke biya ranar da ta ce, da wadda sai an bi ta har coci? Kai kana Tema.

Na ga wannan da idona a Akra a 2021, lokacin da gwamnati ta tashi 'yan albasa daga Agbogbloshie ta mayar da su Adjen Kotoku, can bayan gari. Akwai wani dattijo da na sani, yana sauke manyan motoci daga Nijar, mutum ne mai kuɗi amma bakinsa ba linzami, yaro ya yi kuskure sai ya zage shi har iyayensa a tsakiyar kasuwa. Da aka koma sabon wuri masu saye ba su san rumfar kowa ba, sai waya. Wayar kuwa ta yaransa ce. Biyu daga ciki suka koma wajen maƙwabcinsa, matan da ke saye suka bi lambar da suka saba kira. Albasa ba ta jiran a sasanta. Mota guda ta fara tsiro a gabansa yana zaune yana zagin zamani.

Bari mu ɗan yi lissafi, ƙiyasi ne kawai, kai ka san ainihin farashinka. In buhu sidi 600 ne, buhu tara 5,400 ke nan. Da ciwo, amma ba ta kashe shago. Yanzu ka ɗauka babban yaron ya tafi da mata goma, kowacce tana ɗaukar buhu ashirin a wata, ribarka a buhu sidi 15. Sidi 3,000 ke nan duk wata, 36,000 a shekara, kuma babu kyamarar da za ta nuna maka su suna fita, domin ba za su shigo ba balle su fita. Kana kuka a kan ƙaramar asara kana tura babbar ƙofa da hannunka.

Ba ka faɗi albashin da kake biya ba, kuma na lura da hakan. Yaushe rabonka da ƙari? A watan Disamba na 2022 hauhawar farashi a ƙasar nan ta haura kashi 54 cikin ɗari. Yaronka ba ya buƙatar jarida ta gaya masa, shi ke goge tsohon farashi a allon shago ya rubuta sabo, wani lokacin sau biyu a mako. Yana kallon kuɗin buhun da yake ɗauka a ka yana hawa, nasa kuɗin na tsaye wuri ɗaya, sannan ga wani da ya zo jiya an saya masa babur. Mafi ƙarancin albashi da hukuma ta tsayar a 2025 sidi 19.97 ne a rana. Wannan mafi ƙanƙantar abin da doka ta yarda da shi ne, ba farashin mutumin da ke riƙe maka makullin sito ba. In kuma ba ka sa su a SSNIT ba, wato asusun fansho na ma'aikata, kwatankwacin kashi 13 cikin ɗari na albashinsu kai za ka biya, biyar da rabi su. Ka je ka yi, ba sai na tsaya a kansa ba.

Ga abin da zan yi da ni ne kai, kuma na farkon shi ne mai ɗaci. A gaban mutane ka ci mutuncinsa, a gaban mutane za ka mayar masa da shi. Ba na ce ka durƙusa ba. Da safe, yara na tsaye, masu saye biyu uku na nan, ka kira sunansa ka ce, “Ranar nan na yi maka faɗa ban bincika ba, ka yafe ni.” Shi ke nan. Na san Alhazawa da yawa da sun gwammace su yi asarar mota guda da su furta wannan. Girmanka ba zai ragu ba, sauran biyar ɗin ma kai suke kallo su ga ko a shagon nan gaskiya na da maigida. Daga ranar kuma faɗa ya koma bayan sito, kai da mai laifi, murya ƙasa.

Sai ka raba aikin. Ɗan yayarka ya yi karatu, to ba shi abin da karatu ke yi: littafi, rasit, lissafin MoMo, takardun haraji. Sito da yara da masu saye su koma hannun wanda ya san su. Mai makulli kada ya riƙe littafi, mai littafi kada ya riƙe makulli. Duk Alhamis da yamma a ƙirga buhu ɗaya bayan ɗaya, su biyun su sa hannu, a ɗauki hoton shafin a turo maka ko kana Tema. Abin da ya ɓace a raba tsakanin masu sa hannun, har da ɗan gida. Kafin ka sanar da shi, je ka gaida yayarka ka faɗa mata da bakinka, kada ta ji a bakinsa da daddare an ƙara gishiri. In ka ga ba za ka iya cire masa ko sidi ɗaya ba saboda ido, to kada ka wahalar da kanka. Ka haɗa masa ɗan jari, ko sidi 10,000 ne, ka sa a ranka kyauta ce ba bashi ba, ya je ya kama nasa. Zumunci ya tsira, shago ya tsira, kuma ya fi maka araha a kan abin da kake asara yanzu.

Kunnenka kuma ya daina zama ɗaya. Hanyar Tema awa biyar ce zuwa shida in an ci sa'a. Duk tafiya ka ɗauki yaro ɗaya, yau wannan gobe wancan. Ku tsaya ku ci waken shinkafa a hanya, ka yi shiru ka bar shi ya yi magana. Abin da ya faɗa maka kuwa ya mutu a cikinka, ka bincika ta wata hanya ba tare da ka ce wane ne ya ce ba. Huɗun da suka gudu ma nemi biyu a cikinsu. Ba su da abin tsoro yanzu, za su gaya maka abin da na cikin shago ba za su iya ba.

Akwai wata tambaya da nake ganin ita ke cin ɗan Tamalen fiye da zagin: shekara takwas, sai kuma me? Iyayenmu da suka yi fataucin goro tsakanin Salaga da Kano, da masu gidajen baƙi na zangon Kumasi da ke saukar da fataken shanu, ba da albashi kaɗai suka riƙe yara ba. Yaro ya san in ya yi haƙuri maigida zai yi masa aure, wata rana ya yanka masa jari ya sallame shi da albarka. Ko a Suame Magazine, unguwar makanikai ta Kumasi, mai koyon gyaran mota ya san akwai ranar da za a sallame shi ya buɗe nasa garejin. Naka yaron me ya hango? Ya hango an kawo ɗan gida an ɗora masa. Ka gaya masa ƙarshen hanyar, da adadin shekaru, a gaban shaidu biyu.

Techiman kuwa, ka manta da ita a wannan azumin. Shagon da ke ƙarƙashin hancinka buhu tara sun fita ba ka san ta ina ba, za ka buɗe wani a nisan fiye da kilomita ɗari? Wa za ka ajiye a can, wani ɗan 'yar'uwar? In ka gyara nan, aka yi wata shida ƙirga na fitowa daidai, mutumin da ya dace da reshen Techiman yana shagonka tun shekara takwas, ka ba shi kaso a riba ya je ya riƙe. Maganar kwantena ba na ma son jin ta yanzu. A 2022 dala ta tashi daga wajen sidi 6 ta haura 14 a hannun 'yan canji cikin shekara guda, na ga masu shigo da kaya da suka fi ka ƙarfi sun sayar da filayensu don su fanshi kaya a tashar jirgi. Wancan wasan na wanda bayansa ke rufe ne, mai mutanen da zai bar wa shago wata guda ya yi barci.

Kyamarar ka saya daga baya in kuɗin na maka nauyi a aljihu. Amma in ka sa ta gobe, a wayar wa za a haɗa ta? Kai ba ka da lokacin zama kallon hoton awa goma sha biyu, ɗan yayarka za ka ba. Ka ƙara wa mai kawo rahoto ido, ka kuma sanar da yara shida cewa duk ɓarayi ka ɗauke su.

Ka rubuto mini bayan ƙirga na huɗu. Ina so in ji buhu nawa suka ɓace, da kuma abin da yayarka ta ce.