Tambaya da Amsa: Kicin ya yi min kaɗan, ina zan kai kayana?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni amarya ce, muna haya a Kubwa da ke Abuja, ciki da falo. Kicin ɗin ƙafa 6 ne a 7, ga saitin tukwane har uku, ga kuloli da faranti. Ko juyawa da ƙyar nake yi. Me zan yi? Daga wata amarya a Kubwa.

Amsa: Wa alaikumus salam amarya, Allah ya ba da zaman lafiya. Kafin ki kira kafinta, ki fitar da komai tsakar falo, ki ware abin da hannunki ya taɓa cikin mako biyun nan. Girkin mutum biyu bai wuce tukunyar tuwo, ta miya, ƙarama ta ruwan zafi da kaskon suya ba. Manyan tukwanen taro da kulolin baƙi a sa ƙarami cikin babba, a mayar da su kwali, su hau saman wadrob. Mun san ana son dangi su zo su ga jere, amma a irin wannan kicin ƙura da maiƙo kawai jeren zai tara.

Sai bango, domin nan filinki yake. Katakon filawud mai kaurin kwata uku na inci, faifai ɗaya ƙafa 4 ne a 8, ana samunsa a kasuwar katako ta Dei-Dei. Idan aka tsaga shi a tsaye zai ba da kanta huɗu masu faɗin kusan inci 12, ya ishe ki har da saura. Kada ki yarda da MDF, wato katakon da ake haɗawa da garin katako da gam, kusa da wurin wanke-wanke, ruwa na taɓa bakinsa zai kumbura ya fara marmashewa. Kanta ta farko ta tashi inci 18 daga saman teburin aiki don kada ki riƙa buga kai, kuma a sa mata ƙarfen tallafi duk bayan ƙafa 2. Idan tazarar ta fi haka, tsakiyar za ta lotsa da nauyin faranti. Saman murhu kuwa a bar shi babu katako.

Inda aiki ya fi ɓaci shi ne wajen huda. Bulon gidajen haya mai rami ne a ciki, ƙusar kankare kuma filasta kawai take kamawa, wata rana sai kanta ta sauko da kayan yaji gaba ɗaya. A huda da injin huda bango, a cusa robar riƙe ƙusa, sannan a ɗaure da ƙusa mai zare. Kada a huda daidai saman soket ko ƙasansa, yawanci nan waya ta bi. Ki kuma nemi izinin mai gida tukuna. In ya ƙi, mai walda zai haɗa miki kantar ƙarfe mai hawa biyar, siririya, wadda za ki ɗauke ranar tashi.

Ludayi, muciya, rariya da marafen tukwane su ne masu cin durowa a banza. Sandar ƙarfe ɗaya da ƙugiyoyi a bango ko a bayan ƙofa ta kwashe su.

Tambaya: Maigida yana sayo shinkafa buhu guda, da wake da gero. Buhunan sun tare hanya, kuma waken yana yin ƙwari. Daga uwargida a Lugbe.

Amsa: Hajiya, buhu ba ya hawa kan buhu ya zauna daidai a ƙaramin kicin, bokiti mai murfi kuwa yana hawa. Shinkafa kilo 50 tana cin wajen lita 60, wato bokiti uku zuwa huɗu masu lita 20. Ki nemi waɗanda aka zuba abinci a cikinsu tun asali, irin na bota da masu gidan burodi ke sayarwa, ban da na fenti. Ki jera biyu-biyu a kusurwa, a kan katako mai tsayin inci 4, ki ɗan janye su daga bango, saboda da damina siminti yana tsatso danshi, hatsi kuma ya yi fumfuna daga ƙasa.

Wake kuwa a shanya shi ya bushe ƙayau, a cika jarka mai tsabta har wuya, a ɗaure murfi sosai. Rashin iska ne ke kashe ƙwarin, shi ya sa jarkar da aka bari rabi, ko ake buɗewa kullum, ba ta aiki. Ki ɗebi na wata guda a ƙaramar roba, babbar ta zauna a rufe. Don Allah ban da zuba fiya-fiya ko wani maganin feshi a cikin abinci, guba ce, hukumar kula da abinci da magunguna ta NAFDAC ma ta sha yin gargaɗi a kai. Albasa da dankalin Turawa su sami kwando mai iska kowa nasa, domin haɗa su yana sa su saurin lalacewa, dankalin kuma ba ya son haske, kore yake yi.

Tambaya: Zan iya ɓoye tukunyar gas mai kilo 12.5 a kabad ɗin ƙarƙashin wurin wanke-wanke? Daga wani magidanci a Nyanya.

Amsa: A'a, Malam. Iskar gas ta fi iskar da muke shaƙa nauyi, in ta yi yoyo ƙasa take kwanciya, rufaffen kabad kuma tara ta zai yi har ta tarar da wuta. Ga ɗigon ruwa da ke sa gindin tukunyar tsatsa. Mafi kyau ta zauna a waje cikin kejin ƙarfe mai inuwa, tiyo ya shigo ta bango. In dole sai ciki, a tsaye, a fili, nesa da murhu, kuma a riƙa shafa ruwan sabulu a mahaɗar tiyo: in ya yi kumfa, akwai yoyo. Wancan kabad ɗin a ba shi sabulu, soso da bokitin shara.