Amsa: neman gonar kakanni a Tsibirin Man daga littattafan kuɗin ƙasa

Malam, ka ce maƙwabcinka a Cleveland, a jihar Ohio ta Amurka, ya san abu uku kawai game da kakan kakansa: sunan zuriya, cewa daga Tsibirin Man, wanda ke tsakanin Ingila da Ireland, ya zo wajen 1827, da kuma cewa sunan gonarsu ya fara da "Balla". Kana tambaya ko wannan ya isa a gano gidan. Ya isa a fara, amma kada ku bi suna, ku bi ƙasa.

Dalili kuwa, sunayen tsibirin kaɗan ne. Corlett, Kelly, Quayle, Kneale, Teare, Cannell, su ne dai suke ta maimaituwa, kuma a gundumar coci guda za ka iya samun mutum biyar masu suna ɗaya a zamani ɗaya. "Balla" ɗin ma ba ta raba gardama, don a harshensu ma'anarta gona ce kawai, kuma suna irin Ballachrink yana nan a gunduma fiye da ɗaya. Saboda haka aikin farko a Ohio yake: dutsen kabari, sanarwar rasuwa a jarida, wasiƙun gida, duk abin da zai ba da sunan gunduma ɗaya cikin 17 na tsibirin. Shekarar da ka ambata tana taimakawa. Waɗanda suka yi ƙaura zuwa Ohio a 1826 da 1827 galibinsu mutanen arewacin tsibirin ne, irin su Ballaugh, Jurby, Andreas da Kirk Michael, da yawa kuma suka sauka a Newburgh da Warrensville kusa da Cleveland. Kada ku sa rai da takardun jirgi. Ta Liverpool aka fi tashi, Birtaniya ba ta fara ajiye jerin fasinjoji masu fita ba sai 1890, a Amurka kuma sau da yawa an rubuta mutum ɗan Ingila ne kurum.

In an sami gunduma, sai a fahimci yadda aka yanka ƙasar. Kowace gunduma an raba ta yanki-yanki da ake kira treen, kowane treen kuma yawanci gonakin gado huɗu ne da ake kira quarterland. Ban da su akwai intack, wato filin da aka killace daga jeji ko fadama da izinin mai tsibirin, sai ƙananan gidaje da injinan niƙa. Kowane kashi yana da shafinsa a littafi. Wanda ya duba quarterland kaɗai bai ga sunan ba ya rufe littafi, ya yi asara, don talakawa a shafin intack da na ƙananan gidaje suke.

Littattafai biyu ne ginshiƙi. Liber Assedationis jerin masu riƙe da ƙasa ne da kuɗin da kowa ke biyan mai tsibirin duk shekara. Na 1511 da 1515 an buga fassararsu ta Theophilus Talbot a 1924. Liber Vastarum shi ne mai daɗin: nan ake rubuta an cire sunan wane an shigar da na wane, da dalili, ko mutuwa, ko sayarwa, ko gado, sau da yawa har da dangantakar mutanen biyu. Dabarar ita ce ku riƙe adadin kuɗin ƙasar. Tun yarjejeniyar 1704 tsakanin Earl na Derby, mai tsibirin a lokacin, da manoma, wadda Bishop Thomas Wilson ya shiga tsakani aka ƙulla, kuɗin ya tsaya wuri ɗaya. In an yanki gona an sayar, sai a raba kuɗin gwargwadon yankin. To fili mai sule uku da sisi, haka zai ci gaba da fitowa ko ya canja hannu sau goma, kuma da wannan lambar ake bambanta masu suna ɗaya.

Inda ake tuntuɓe a nan wuri biyu ne. Na ɗaya, shigar da suna yana makara. Mutum zai mutu ko ya bar ƙasar, sunansa yana nan a littafi shekaru bayan haka, don sai magaji ya je ya nema ake gyarawa. Shekarar littafin ba shekarar tafiya ba ce. Na biyu, ba duk ƙasar ke cikin waɗannan littattafai ba. Filayen da dā na gidan ibadar Rushen ne suna cikin Liber Monasteriorum, na Bishop kuma suna da nasu littafin daban.

Ƙaurar kanta a takardun ciniki ake kama ta. Kafin 1847 an jera su kashi biyu, arewa da kudu, kowanne da na sayarwa da na jingina, bisa zaman kotun Mayu da na Oktoba. Ku duba na arewa daga 1825 zuwa 1835. Ku lura da rana biyu: ranar da aka sa hannu da ranar da kotu ta tabbatar, don tsakaninsu kan yi nisa, kuma ta farkon ce ke kusa da tafiya. Ku duba na jingina ma, domin wani ba ya sayarwa, jinginarwa yake ya sami kuɗin jirgi. Sunan matar mai gona yakan fito a takardar tare da sunan gidan ubanta bayan kalmar "als", wannan kuwa shi ke haɗa ku da rajistar aure. Takardar da ta fi kowacce daraja ita ce ta wakilci da aka sa wa hannu a Ohio aka aiko gida don a sayar da wani kaso, saboda tana ɗauke da sunan garin can da na gonar nan a shafi ɗaya.

Amma fa yana yiwuwa kakan bai taɓa mallakar ko taki ɗaya ba. Gadon ƙasa a can ba rabo ba ne irin wanda muka sani: babban ɗa ke ɗauke gonar gado gaba ɗaya, in babu namiji babbar 'ya ta ɗauka ita kaɗai. Ƙanne su ne suka fi tafiya. A nan sai wasiyya. Har 1884 kotunan coci ne ke kula da ita, kuma a zamanin ƙaurar kotu biyu ce, ta Bishop da ta Archdeacon, wani babban jami'in coci da ke ƙasa da Bishop, dole a duba duka. Matan aure ma suna barin wasiyya, don haka ku nemi ta uwa kamar yadda za ku nemi ta uba. A ciki ake jera 'ya'ya duka, har wanda aka bar wa sisi kawai don kada ya dawo da ƙara, wani lokaci kuma a ce wane yana Amurka.

In sunan gona ya tabbata, taswirar James Woods ta 1867 tana nuna iyakar kowace quarterland da mai ita a lokacin. Ku ɗora ta kan taswirar yau ku ga ko gidan yana tsaye ko ya zama kufai. Ainihin littattafan da takardun ciniki har zuwa 1910 suna ɗakin karatu na Manx National Heritage, hukumar adana tarihin tsibirin, a Douglas babban birninsa, kuma za a iya fara laluben sunaye daga gida a shafinsu na iMuseum. In za ku rubuta musu, ku ba da gunduma, sunan gona, zaman kotu da lambar takarda.