Wa ke riƙe da gidajen tarihin Birmingham?

Tambaya: Malam, na ji an ce gidajen tarihin birnin Birmingham da ke Ingila ba hukuma ce ke tafiyar da su ba, wata ƙungiya ce da ba ta neman riba. Yaya aka yi haka, kuma me ƙungiyar ta tsinana?

Amsa: Malama, abin da kika ji gaskiya ne, amma da sauran bayani. Kayan tarihin da mafi yawan gine-ginen har gobe mallakar majalisar birnin ne, wato na jama'ar Birmingham. Kula da su kawai aka damƙa wa ƙungiyar Birmingham Museums Trust, wadda aka kafa a watan Afrilun 2012 ta hanyar haɗe gidajen tarihin majalisar da gidan kimiyya na Thinktank a ƙarƙashin kwamitin amintattu guda. Hikimar yin hakan ita ce, ƙungiya irin wannan tana da damar neman tallafi daga gidauniyoyi da masu hannu da shuni, ta kuma yi kasuwancinta ta mayar da abin da ta samu cikin aikin, ba tare da jiran kasafin majalisa a kan kowane ƙaramin abu ba.

Wurare 9 ta gada. Uwarsu ita ce babban gidan tarihi da zane-zane na tsakiyar birnin, wanda aka buɗe a 1885 kuma ake shigarsa kyauta. Akwai gidan Aston da aka soma ginawa a 1618, da gidan Soho inda Matthew Boulton, abokin sana'ar James Watt mai ƙera injinan tururi, ya zauna. A Thinktank kuwa ake ajiye injin tururi na Smethwick na shekarar 1779, wanda ya fi kowane injin tururi mai aiki tsufa a duniya.

A ganina, aikin da ya fi nuna amfanin ƙungiyar shi ne na taskar Staffordshire. A 2009 wani mutum mai na'urar gano ƙarfe a ƙarƙashin ƙasa ya tono dubban gutsattsarin zinariya da azurfa a wata gona kusa da garin Lichfield da ke gundumar Staffordshire, galibinsu adon takubba da sauran kayan yaƙi na wajen ƙarni na 7, zinariyar kaɗai ta kai kimanin kilo 5. Biranen Birmingham da Stoke-on-Trent suka haɗu suka saye ta a 2010 a kan fam miliyan 3.285, da gudummawar jama'a da ta gidauniyoyi. Sayen ya riga kafuwar ƙungiyar, saboda haka ba ita za a yaba wa a kansa ba. Nata rabon shi ne aikin haƙuri da ya biyo baya, na kankare ƙasa daga jikin kowane gutsure, da gano wanda ya dace da wani, har aka buɗe wa taskar zaure na musamman a 2014. Irin wannan aiki ba ya tara jama'a ranar da ake yin sa, amma ba don shi ba da abin da mai ziyara zai gani bai wuce tarin ƙarafa ba.

Ta kuma yi ƙoƙarin jawo mazauna birnin na yau cikin labarinsa, musamman da zauren addinan Birmingham da ta buɗe a 2016, inda Musulmi da Kirista da Hindu da Sikh da Yahudawa suka riƙa ganin kayan ibadarsu. A 2020 aka naɗa Sara Wajid da Zak Mensah su riƙe shugabancinta tare.

Sai dai cin gashin kan bai yaye ta daga aljihun majalisa ba, domin har yanzu wani kaso na kuɗinta daga can yake fitowa. Babban gidan ya rufe a 2020 saboda annobar korona, sannan gyaran wayoyin lantarkin ginin ya tsawaita rufewar, in ban da buɗewar wucin gadi a 2022 lokacin wasannin ƙasashe renon Ingila. A watan Satumban 2023 kuma majalisar ta shelanta cewa ba za ta iya daidaita kasafinta ba. A cikin wannan ƙunci ne ƙungiyar ta sake buɗe wasu zaurukan babban gidan a watan Oktoban 2024, ta bar sauran su biyo baya daki-daki.